Gindin Atili

Kafanchan, 6 ga Maris

Zuwa ga matata, Maman Joanna,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Joanna da maigidanta da 'yan tagwaye. Yaya ƙafar taki? Kina shafa man nan kuwa, ko yana ƙasan jaka yana jiran ranar tashin matattu? Yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya gajiya? Mu nan lafiya, sai godiya ga Allah.

Na san za ki yi dariya ki ce tsoho ya koma zamanin gidan waya. To, yi abarki. Wayar hannu ba ta yi mini ba. Kunnen hagu, jirgi ya tafi da shi tun ina aiki a tasha. Na daman kuma, in kun kira sai Joanna ta buɗe murya kowa yana ji, ga surukinmu a gefe, ga yara suna tsalle. Me mutum zai ce a gaban wannan taro in ba lafiya lau ba? Shi ya sa da Dogara direban motar manja ya ce mini duk wata yana sauka kusa da unguwarku, na ce to ya samu aikin masinja. Ki ba shi ruwa ya sha, amma kada ki ba shi labari, bakinsa ba shi da marfi.

Wata uku kika ce za ki yi, ki ga Joanna ta gama jego ki dawo. Yau wata goma sha tara ke nan. Ba ƙorafi nake ba. Tsohon ma'aikacin jirgi ba ya iya ganin lokaci ya wuce bai rubuta ba.

Ga labarin gida. In kin dawo ba za ki gane hanyar gonarki ta gwaza ba, gidajen haya ne a jere har bakin rafi. Mutane sai shigowa suke yi, waɗansu daga ƙauyuka saboda rashin kwanciyar hankali, waɗansu 'yan makaranta, waɗansu masu neman sana'a. Da safe in yara suka fito za su makaranta sai ki ce kasuwa ce ta tashi. Ran Lahadi na tsaya a ƙofar majami'a bayan sujada ina neman fuskar da na san kakanta, da ƙyar na samu goma.

Filin da ya rage ba a kafa masa bulo ba a duk unguwar shi ne namu na bayan tsohon kwatas, inda itacen atilin nan da muke zama a gindinsa yake. To, shi ma an zo kansa. 'Ya'yan unguwa da ke ƙasashen waje sun haɗa hannu da ƙungiyar ci gaban unguwa, za a mai da shi wurin wasa da shan iska. Sun ɗauko Doreen, 'yar marigayi Jason mai gyaran rediyo, wadda kika koya wa waƙa a makarantar Lahadi. Yanzu ta zama babbar mace, ta karanta tsarin birane. Ta ce ba za a aza bulo ko ɗaya ba sai an san su wa ke zaune a unguwar, shekarunsu nawa, da abin da suke yi da yammacinsu. Gida-gida take bi da takarda.

Shekaranjiya ta zo namu. Tun da safe na samu labari, sai na share tsakar gida, na ɗauko zannuwanki biyu na shanya a igiya don gidan ya yi kama da gidan mutane. Ta tambaye ni mu nawa ke kwana a gidan, na ce biyu, madam ta ɗan leƙa jikoki ne. Ta ce da wa nake yin yamma, na ce da iyali. Ta ce ko ina bukatar wani wuri a waje da zan riƙa zama da mutane. Nan fa na gyara zama. Na ce mata Allah ya rufa mini asiri, 'ya'yana ba su bar ni da kewa ba, Joanna kullum waya, ƙaninta Godspower kullum aike daga Legas. Da ta kawo zancen gindin atili na ce ai wucewa kawai muke yi mu gaisa. Na sa hannu irin na tasha, mai wutsiya. Da kin ga yadda na fitar da yaranki kunya, da kin ƙara mini nama a miya.

Gindin atilin dai muna nan. Da mu goma sha biyu ne a kan katakon layin dogon nan guda biyu, yanzu in mun cika mu biyar. Dattijo Azariya yana zuwa da rediyonsa da gardamarsa. Malam Jibir mai shanu yana ƙetaro rafi da sandarsa bayan la'asar, mu buɗe ramukan dara. Shekara ashirin ke nan yana cinye ni yana cewa sa'a ce, ko shekarun da gari ya rikice bai fasa zuwa ba. Ya ce in gaishe ki, in tambaye ki ko mutanen Fatakwal sun san nono.

Baƙar akuyarki ta haifi biyu. Ita ma tagwaye, amma ba ta nemi a zo mata jego ba. Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Kambai


Kafanchan, 12 ga Afrilu

Maman Joanna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun yi bikin tashin Almasihu lafiya. Dogara ya kawo busasshen kifi, da saƙonki cewa in daina shan gari da rana. Na ji, zan duba. An yi ruwan farko a nan ran Talata, dutsen Kagoro ya wanke fuska.

Amma ba da daɗin rai nake rubutu ba. An manna zanen filin a bangon ɗakin taron unguwa, na je da tabarau na duba. Ga filin ƙwallo, ga na ƙwallon kwando, ga lilon yara, ga babban zauren kallon wasa. Na bi zanen da yatsa ina neman atili, sai na ga ƙofar shiga da wurin ajiye babura daidai inda yake tsaye. Za a sare shi da zarar an fara aiki.

Ban koma gida ba, na wuce wurin Doreen. Yarinyar nan tana da ladabi. Ta ba ni kujera, ta buɗe mini takardun kamar likita yana nuna wa majiyyaci hoton ƙirjinsa. Cikin kowane mutum goma a unguwar nan, bakwai ba su kai shekara talatin ba. Shekara goma da suka wuce yaran firamare ba su kai rabin na yanzu ba, nan da shekara goma kuma ta ce za su ninka. Mu da muka haura sittin, mu sittin da ɗaya kacal ta samu. Ban yi musu ba. Da idona nake ganin yara suna buga ƙwallo a kan titi, 'yan acaɓa suna ratsa su. Filin nasu ne, ban ce a hana su ba.

Na ce amma kusurwa ɗaya fa, inuwa ɗaya? Ta ce da ma ta so ta bar wa dattawa wuri, har ta zana shi da fensir. Masu ba da taimakon ne suka ce kowane taku na filin sai takarda ta nuna masu bukatarsa. Cikin mu sittin da ɗaya, hamsin da tara sun ce suna yin yamma da iyali, ba su bukatar komai a waje. Biyu ne suka ce suna so: Mama Zipora da ba ta taɓa haihuwa ba, da wani tsoho baƙo da ya rasu bayan mako biyu. Malam Jibir ma ba a ƙirga shi ba, gidansa yana hayin rafi, layin taswira ya bar shi a waje. Sai ta zaro tawa takardar ta ajiye a gabana. Ga amsoshina, ga sa hannuna da wutsiyarsa. Baki shi ke yanka wuya, Maman Joanna. Nawa atili ya yanka.

Da yamma na kai maganar gindin bishiyar. Ashe duk kanwar ja ce. Azariya, wanda rabon ɗansa da gida shekara uku, ya ce mata duk ƙarshen wata yana zuwa. Wani ya ce jikoki ba su barinsa ya runtsa, alhali kare ne kaɗai a gidansa. Muka yi dariya har da hawaye. Wa zai buɗe baki ya ce wa 'yar Jason 'ya'yansa sun bar shi shi kaɗai, ta rubuta, takarda ta tafi ƙasar waje wurin sa'o'in 'ya'yan namu? Ba haka aka rene mu ba.

Ke kam bari in faɗa miki yadda yinina yake, tunda ba a buɗe wa takarda murya. Ina tashi in yi addu'a, in ba awaki dusa, in dafa ruwan shayi. Daga nan har ƙarfe huɗu ba ni da abokin magana sai rediyo, shi kuma ba ya jiran amsa. Wani lokaci in na ce wa Jibir sannu da zuwa sai in ji muryata ta shaƙe, don ita ce maganar farko da ta fito daga bakina a ranar. Ƙarfe huɗun nan nake jira tun asuba. In aka sare atili ban san me zan jira ba.

Doreen ta ce za a yi babban taro ran takwas ga Yuni kafin a sa wa zanen hannu. In dattawa suka nuna suna bukatar wurin, za ta iya matsar da ƙofa. Amma a fili, a gaban jama'a, don a rubuta. Ki taya ni addu'a, ki kuma ba ni shawara.

Naki,
Kambai


Kafanchan, 17 ga Mayu

Maman Joanna,

Gaisuwa a cikin Ubangiji, da fatan ke da yara kuna lafiya. Na samu takardarki, na karanta sau uku. Har yanzu layinki yana gangarawa kamar mai saukowa daga dutse.

Na ji abin da kika ce. Kin ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kin ce uwar mijin Joanna tana zama layi na biyu a majami'armu, in na tashi na ce ina kewa, kafin a yi addu'ar rufe taro maganar ta isa Fatakwal, a ce Joanna ta riƙe uwarta tana yi mata reno ta bar ubanta yana hira da awaki. Kin ce kada in kwance wa 'yata zani a kasuwa saboda itace. Gaskiyarki ne, ban ƙi ba. Na kuma ga a ƙasa kin ƙara cewa in yi haƙuri har tagwaye su shiga makaranta. Ban ga kin sa watan dawowa ba.

Don haka na bi ta wasu hanyoyin. Na ce wa Doreen bishiyar ta girmi ubanta, ta ce za a dasa ashirin a madadinta. Na rubuta takardar roƙo, dattawa ashirin da uku suka sa hannu cewa a bar itacen don tarihi. Ta karɓa hannu biyu, ta ce tarihi ba ya cikin abin da aka ce ta auna, amma da za mu ƙara layi ɗaya cewa muna zama a wurin ne don babu kowa a gida, da an gama. Na koma da layin nan gida-gida. Ko mutum ɗaya bai sa hannu ba. Azariya ya ce shi dattijon ikkilisiya ne, ana kiran sunan ɗansa ranar godiya ta shekara, ba zai zubar masa da mutunci don inuwa ba. Ya ce in atili ya tafi ma zauna a ƙofar gidansa. Ƙofar gidan Azariya yanzu shagon cajin waya ne da janareta a manne da ita, ko mai kunne biyu ba ya jin gaisuwa.

Makon jiya Jibir ya yi zazzaɓi, kwana shida bai ƙetaro ba, ruwa kuma ya hana sauran fitowa. Na je duk da haka da lema. Na share ramukan dara, na jera tsakuwa da tsinke, na zauna ina kallon yara suna ƙwallo cikin taɓo. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya san ina wurin. Rana ta bakwai sai ga shi yana dogara sanda, ya rame. Ya ce 'ya'yansa suna matsa masa su tashi su koma wajen Lere, gidaje sun cinye burtali, shanu ba su da hanyar zuwa ruwa. Shi kuma yana ta ja musu rai, yana cewa akwai wani mai jirgi da bai gama koya wa dara ba.

Ban yanke shawara ba tukuna, amma ban manta da maganarki ba. Na shuka citta kunya shida a bayan gida, na rufe da ganye. Ki shafa mini kan tagwaye.

Mijinki,
Kambai


Kafanchan, 10 ga Yuni

Maman Joanna,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya duka. Na san labari ya riga takardar nan isa, waya ta fi motar manja gudu. Amma ina so ki ji daga hannuna.

Ran Asabar ɗakin taro ya cika har tagogi. Matasa ne kusan duka, mu masu furfura aka ba mu benci biyu a gaba. Doreen ta yi bayani da zane, aka yi ta tafi, ni ma na tafa, don abin ya yi kyau. Sai shugaban ƙungiya ya ce ko akwai dattijon da ke da magana a kan kusurwar atili kafin a sa hannu. Na duba dama, Azariya yana nazarin bayan hannunsa. Na duba hagu, kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Mama Zipora ta ɗaga hannu, amma tana can baya wajen mata, ba a gan ta ba. Shugaba ya ɗauki biro.

Allah ya sani da niyyar yin shiru na fito daga gida. Ban san lokacin da na miƙe ba. Aka miƙo mini abin magana, ga abin da na ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Sunana Kambai, kun san ni. Fom ɗin da na cika ma yarinyan nan, ƙarya ne na yi. Ni kaɗai ne ina kwana a gidana, shekara biyu saura kaɗan. Yarana ba su yi mini laifi ba, aiki ne ya kai su inda aiki yake. Amma in ban zo gindin itacen nan ba, sai in yini ban ji an kira sunana ba. Ina kewa. Ku rubuta haka."

Na tsaya ina jira ko wani daga bencinmu zai tashi ya ce shi ma. Ba wanda ya motsa. Sai Mama Zipora ta taso daga baya da sandarta, ta zo ta tsaya kusa da ni. Tsofaffin mata uku suka biyo ta. Maza kuwa ko ɗaya. Na ga wayoyi a sama suna ɗauka, na ga uwar mijin Joanna ta sa gefen zani ta rufe baki.

Doreen ta share ido, ta ɗauki jan biro a gaban kowa ta matsar da ƙofar zuwa gabas. An bar atili, har an ce za a yi mana bencin siminti.

Da aka tashi Azariya ya wuce ni a bakin ƙofa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka tone mu duka, Kambai." Jiya a sujada mutane suka yi ta gaishe ni da irin muryar da ake gaishe da mai makoki. Wata ta kawo mini faten acca a kula, ban ma san ta ba. Na ci, ya yi daɗi.

Jibir bai je taron ba, ba a gayyaci mutanen hayi ba. Da na ba shi labari ya daɗe yana jujjuya tsakuwa a hannu. Ya ce a cikinsu makiyaya mutum ya gwammace ya mutu da ya faɗi irin wannan magana. Can kuma ya ce, "Amma kai ka faɗa, ni na ji sauƙi." Ranar na cinye shi sau biyu, ina zargin bar mini ya yi.

Joanna ba ta kira ba tun ran Asabar. Ki ce mata ban ambace ta da mugunta ba. In akwai laifi nawa ne, ki bar shi a kaina. Ke ma na karya maganarki, ki gafarce ni.

Naki kullum,
Kambai


Kafanchan, 21 ga Nuwamba

Matata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan alherin Ubangiji yana tare da ke. Yaya jiki, yaya yara? Wata biyar ke nan Dogara yana dawowa hannu rabbana, sai dai ya ce kin ce a gaishe ni. Ni ma na yi zuciya na daina rubutu. Yau na sauko.

Kayan da yara suka aiko sun iso tun Yuli, talabijin mai faɗin ƙofa da sola a kan rufi. Joanna ta kira sau ɗaya tana kuka, ta ce me na rasa da ban faɗa mata ba. Na ce babu. Godspower ya ce yanzu na rabu da kewa, tasha ɗari biyu ce a ciki. Ki yi musu godiya, abin yana da kyau.

An buɗe filin ran Asabar ta farkon wata. Ki zo ki ga yara, Maman Joanna. Daga safe har faɗuwar rana wurin yana tafasa, 'yan mata ma sun kafa ƙungiyar ƙwallon kwando. Titi ya huta. Doreen ta yi aiki, Allah ya yi mata albarka. Atili yana nan tsaye, an kewaye gindinsa da benci huɗu na siminti da teburi mai ramukan dara a jiki. Wurin mutum goma sha biyu ne.

Da ma tun bayan taro ƙafar mutanenmu ta yi nauyi. Ran buɗewa kuma shugaba ya tsaya da lasifika ya ce wannan kusurwa an yi ta ne domin iyayenmu da ba su da kowa a gida. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, aka yi tafi. Tun daga ranar ba dattijon da ya zauna a wurin. Wa zai zauna, duk mai wucewa ya san abin da zamansa yake nufi? Da a kan ruɓaɓɓen katako muke, ana ce mana 'yan dara. Azariya ya canja hanya, ta bayan makaranta yake bi zuwa majami'a. Sauran biyun in mun haɗu sai su ce ayyuka ne suka yi yawa.

Mama Zipora ta zo sau uku da kwanon gyaɗa tana ɓarewa. Gara ki ji daga wurina kafin Dogara ya sa gishiri: an fara cewa tsohon da matarsa ta yi nisa ya samu abokiyar hira. Matar da ta girme ni da shekara goma sha ɗaya fa. Da maganar ta kai kunnenta ta daina zuwa.

Jibir ya tashi. Ran Litinin ta makon jiya suka ɗaure kaya, shanu sun riga su yin gaba. Ya ƙetaro da safe ya yi mini sallama. Ya zauna a sabon bencin, ya shafa teburin ya ce ramukan sun yi zurfi, wanda ya yi su bai taɓa dara ba. Ba mu buga ba. Na raka shi har rafi, na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Har yanzu ƙarfe huɗu ina zuwa. Ni na roƙi wurin a gaban jama'a, in ban zauna ba sai a ce Doreen ta matsar da ƙofa a banza. Ina zama ni kaɗai, yara suna wucewa suna cewa sannu Baba, ina ɗaga musu hannu har rana ta faɗa bayan gidajen haya.

A nan nake ta tunani. Na tsaya gaban mutum ɗari uku da wayoyinsu na ce ina kewa, amma ke ban taɓa ce miki abin da nake so ba. Na tambaye ki jiki, na ba ki labarin unguwa, na bar ki ki gane da kanki. Shekara arba'in da huɗu muna tare ban taɓa roƙonki abu da baki ba, ke kike ganewa tun ban faɗa ba. To, yau na roƙa. Kewarki nake yi, Miriyam. Ki dawo gida. Tagwaye suna da uwa suna da uba, ni ke kaɗai gare ni.

Dogara zai juyo ran Talata. Na ce ya bar kujerar gaba, ya tsaya a ƙofarku minti goma ko da bai ga kowa ba. In ba za ki iya ba, kada ki ba shi saƙon baki. Ki rubuta mini da hannunki, ko layi ɗaya ne, in san ranar da zan riƙa jira.

Ubangiji ya tsare ki.

Ni ne mijinki,
Kambai